Tun ran gini, tun ran zane: A rubuta halin da gidan maƙwabci yake ciki kafin a fara haƙa

Akwai wata rigima da kusan kowane mai unguwa a Kano da Kaduna da Zariya ya san ta, kuma takan kunno kai ne a tsakiyar damina. Wani ya sayi tsohon gida ya rushe, ya haƙa harsashi mai zurfi don ya ɗora bene ko jerin shaguna. Bayan 'yan makonni sai bangon gidan da ke jikinsa ya tsage, ko ɗaki ya fara tsattsafo da ruwa daga ƙasa, ko katanga ta kwanta gaba ɗaya.

Mai tsohon gida zai ce ginin nan ne ya jawo masa. Mai sabon gini zai ce dama can bangon a tsage yake, tun kafin ya san unguwar. Kowa zai kawo mutanensa, kowa zai rantse. Shi kuwa mai unguwa ba shi da abin da zai dafa ya yanke magana, domin babu wanda ya tsaya ya duba bangon a lokacin da duban zai yi amfani, wato kafin leburori su sara ƙasa.

Daga nan sai a tafi ofishin 'yan sanda, a tafi Hisbah, a tafi kotu. Mutanen da za su shekara talatin suna haɗuwa a sahu ɗaya a masallaci sai su daina gaisawa, matansu su daina shiga gidajen juna, 'ya'yansu su gaji gabar.

Ra'ayina a kan wannan shi ne: duk wanda zai yi gini a jikin gidan wani, wajibi ne ya fara zama da maƙwabtan, su zaga tare, su ɗauki hotuna, su rubuta halin da kowane bango da daɓe da rijiya suke ciki, su sa hannu a gaban shaidu. Aikin rabin yini ne, kuma kayan aikin suna aljihun kowa. Sannan ya kamata hukumomin tsara birane su mayar da wannan takarda sharaɗi kafin su ba da izinin gini a cikin unguwannin da suka riga suka cika.

Yadda gini ke lalata gidan da ba a taɓa ba

Da yawa daga cikin masu gini sukan ce, “Ni ban taɓa gidansa ba, a filina nake aikina.” Gaskiya ne ba su taɓa ba, amma ƙasar da ke ƙarƙashin gidajen biyu ɗaya ce, ba ta san inda iyaka ta tsaya ba.

Nauyin bango ba ya sauka ƙasa a miƙe kamar an saki igiya. Yana bazuwa ne gefe da gefe a cikin ƙasa, yana faɗaɗa yayin da yake nutsawa. Saboda haka idan ka haƙa rami dab da bangon maƙwabcinka, kuma ramin ya zarce harsashinsa zurfi, ka ɗebe wani ɓangare na ƙasar da ke tallafe da gidansa. Ƙasar za ta sulale zuwa ramin, bango ya ɗan sauka ta gefe guda, sai tsaga ta bayyana, galibi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa.

Tsofaffin gidajen cikin gari su ne suka fi shan wannan wahala. Ginin ƙasa ne, ko kuma na bulo da aka yi shekaru aru-aru a kan harsashin da bai wuce gwiwa ba. Shi kuwa mai bene zai nutsa ne ya nemi ƙasa mai tauri don ginshiƙansa su zauna. Idan ramin ya kwana biyu a buɗe kuma ruwan Agusta ya cika shi, bangon ƙasa ba ya buƙatar wanda zai tura shi.

Sai maganar ruwa. Yanzu kowa ciko yake yi da jar ƙasa ya ɗaga gidansa sama da titi. Ruwan da a da yake bi ta filin ya wuce, dole ya nemi wata hanya, kuma hanyar ita ce gidan da ya fi ƙasa. Ga indararo da bututun rufi da ake juyawa su zuba a gindin katangar wani. Ga yashi da tsakuwa da tifa ke juyewa a bakin kwata, su toshe magudanar layi baki ɗaya.

Sai rijiya. Masana lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar da ba ta gaza mita 15 ba tsakanin masai ko sokawe da rijiyar da ake sha, wasu ma sukan ce mita 30. To fulotin nan namu na ƙafa 50 a 100, faɗinsa duka kusan mita 15 ne, tsawonsa kusan 30. Wato duk inda ka haƙa sokawe, da wuya bai kusanci ruwan wani ba. Haka nan idan aka zo da injin haƙa burtsatse, maƙwabci zai iya wayar gari ya ga rijiyarsa ta ja baya ko ta gurɓace.

Sai girgiza: rushe tsohon gini, injin daddale ƙasa, manyan motoci masu shiga lungun da ba a yi shi don su ba. Wannan kan buɗe tsohuwar tsaga, ya ɓamɓare filasta, ya sa tayil ya ɗaga.

Amma a yi adalci. Bango yana tsagewa ko babu mai gini a kusa. Ƙasar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, kamar baƙar ƙasar da ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa. Gara tana cin azara. Bulon da aka yi wa rowar siminti yana marmashewa da kansa. Shi ya sa ba kowane mai ƙorafi ne yake da gaskiya ba, kuma ba kowane mai gini ne yake da laifi ba. Abin da zai raba gardama shi ne sanin yadda bangon yake jiya.

Wanda ya yi da'awa shi zai kawo hujja

A kotunan Najeriya, wanda gininsa ya ɓata gidan wani saboda sakaci za a iya sa shi ya biya diyya. Sai dai Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 131, ta ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda yake neman kotu ta ba shi haƙƙi. Haka ƙa'idar take a kotun shari'ar Musulunci: mai da'awa ne ke kawo shaida.

To me mai ƙaramin gida zai kawo? Zai nuna wa alƙali tsagar. Tsagar kuwa ba ta da kwanan wata a jikinta. Lauyan ɗaya ɓangaren zai yi tambaya guda: ina shaidar cewa babu ita kafin a fara aiki? Daga nan magana ta koma “na ce, ka ce”.

A irin wannan takaddama, wanda ya fi kuɗi da sanayya shi yake iya jure zirga-zirgar kotu. Su wa ke zaune a tsofaffin gidajen da ake gina filaza a jikinsu? Mafi yawa gidajen gado ne, masu ɗauke da tsofaffi da zawarawa da marayu, da ɗan fansho da ba shi da wata kadara sai wannan. Su ne sukan haƙura su ce sun bar wa Allah, su nemi bashi su gyara, ko su sayar da gidan da araha ga shi wanda ya jawo ɓarnar.

Shi ma mai gini yana da abin tsoro. Akwai maƙwabcin da da zarar ya ga an sauke rodi da siminti sai ya fara lissafin yadda za a sabunta masa gidansa kyauta. Tsagar da ta shekara goma sai ta zama ta jiya. Wanda ya ɗauki hoto tun farko ya tsare kansa daga wannan. Don haka takardar nan ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Mai gaskiya take karewa, ko wanene shi.

Yadda za a yi shi

Ba sai an ɗauko lauya ba kafin a fara. Ga tsarin da kowace unguwa za ta iya bi.

Na farko, sanarwa. Mai gini ya je da ƙafarsa, ba aike ba, aƙalla mako biyu kafin a fara rusau ko haƙa. Ya faɗa wa maƙwabtan dama da hagu da na baya abin da zai gina, hawa nawa ne, zurfin da za a haƙa, inda sokawe zai zauna, inda ruwan rufi zai zuba, da inda tagogi za su kalla. Idan ɗan haya ne a gidan, a nemo mai gidan ko wakilinsa. Idan gidan gado ne, a samu wanda magada suka yarda ya yi magana da yawunsu.

Na biyu, zagaye. A sa rana da hantsi, lokacin da haske yake da kyau. A samu mai gini, maƙwabci, maginin da zai yi aikin ko injiniya, da mai unguwa ko wakilinsa. A bi katangar iyaka daga farko zuwa ƙarshe, ciki da waje. A shiga duk ɗakin da yake jingine da wurin aikin. A duba bango, daɓe, silin, rufi, bakin ƙofofi da tagogi. A buɗe kowace ƙofa a rufe, a ga ko tana cijewa, domin ƙofar da ta fara cijewa bayan an fara haƙa alama ce ta cewa gini ya motsa.

Na uku, hoto. Kowane wuri a ɗauke shi sau biyu: ɗaya daga nesa yadda za a gane wane bango ne, ɗaya daga kusa. A ɗora rula ko tef ɗin awo a jikin tsagar don a ga faɗinta. A sa fensir a ja layi a inda tsagar ta tsaya sama da ƙasa, a rubuta kwanan wata a gefe. Bangon da ba shi da komai shi ma a ɗauke shi, domin shi ne babbar hujja idan ya tsage daga baya. Sannan a ɗauki bidiyo guda mai tsawo ba tare da yankewa ba, wanda zai fara daga titi, a ambaci ranar da sunayen waɗanda suke wurin.

Awon faɗin tsaga yana da muhimmanci. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsagar bango gida shida. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba galibi ta ido ce, ciko da fenti sun wadatar. Daga 5 zuwa 15 sai an kira magini, kuma ƙofofi kan cije. Daga 15 zuwa 25 babban gyara ne, har da sake wani ɓangaren bango. Wadda ta haura 25 kuwa ginin kansa yana cikin haɗari. Wanda ya rubuta cewa tsagar milimita 2 ce a watan Mayu, kuma aka auna a Agusta aka ga 12, ba ya buƙatar rantsuwa.

Akwai wata dabara mai sauƙi da magina suka sani: a shafa ɗan siririn kwaɓin siminti a gicciye kan tsagar, a rubuta kwanan wata. Idan bangon ya ci gaba da buɗewa, shafen zai tsage.

Na huɗu, ruwa. A zura guga a auna gaba nawa ake yi kafin a taɓa ruwan rijiya, a rubuta. A ɗebo ruwan a kwalba mai haske a ɗauki hotonsa. A ɗauki hoton kwata da magudana da hanyar da ruwan sama ya saba bi. A auna tsayin daɓen gidan idan aka gwada da titi.

Na biyar, iyaka. A ɗauki hoton turakun iyaka ko duk alamar da ake da ita, a auna faɗin lungu. Unguwannin awon igiya sun fi buƙatar wannan, domin a can ne taku ɗaya na ƙasa kan ɓace tsakanin rusau da sabon gini. A kuma rubuta ko katangar ta mutum ɗaya ce ko ta haɗaka.

Na shida, rubutu. Takarda ɗaya ko biyu, da Hausa, boko ko ajami, yadda kowa zai iya karantawa. A jera abin da aka gani. A ƙara da alkawari: mai gini ya ɗauki nauyin gyara duk ɓarnar da aikinsa ya jawo, za a sake zagayawa bayan an cike harsashi, da bayan an yi zubin dakin, da bayan damina ta farko, idan an yi saɓani, wane injiniya ko wane dattijo aka yarda ya duba. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaidu biyu su sa nasu, mai unguwa ya buga hatimi. A yi kwafi uku.

Na bakwai, ajiya. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. A wanke muhimman hotunan a manna su a jikin takardar, kowa ya sa hannu a bayansu. A tura na asali ta imel a ranar. Wanda zai tura ta WhatsApp ya tura a matsayin fayil, domin idan aka tura a matsayin hoto manhajar tana rage ingancinsa, tana kuma goge bayanan rana da lokaci da ke ɓoye a cikinsa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya yarda da hujjar da ta fito daga na'ura, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da hujjar. Saboda haka a rubuta wayar wa aka yi amfani da ita.

Wannan tsari ya ishi ginin gida na yau da kullum. Amma idan bene ne mai hawa biyu ko fiye, ko za a haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko gidan mai, to rahoton injiniya mai rajista da hukumar COREN ake buƙata, kuma mai gini ne zai biya. Wanda yake da kuɗin rodin bene ba zai rasa kuɗin rahoto ba.

Ba baƙon abu ba ne

A Ingila da Wales akwai dokar bangon haɗaka ta 1996. Wanda zai taɓa bangon da ya haɗa shi da maƙwabci sai ya ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin aiki. Wanda zai haƙa rami a cikin tazarar mita 3 daga ginin maƙwabci, kuma ramin zai fi harsashin maƙwabcin zurfi, sai ya ba da sanarwar wata guda. A wasu lokuta tazarar takan kai mita 6. Idan maƙwabci bai amsa ba cikin kwana 14, ana ɗauka akwai saɓani, sai a naɗa masani ya shiga tsakani, kuma a mafi yawan lokuta mai gini ne ke biyan kuɗinsa. Abin da masanin ya saba farawa da shi shi ne rubuta halin da gidan maƙwabci yake ciki, da hotuna. A Ostireliya ma ƙananan hukumomi da dama sukan sa irin wannan rahoto cikin sharuɗɗan izinin gini.

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, sun yi dogon bayani a kan hukunce-hukuncen gini: bangon haɗaka, tagar da ke leƙa gidan wani, ruwan indararo, masan da ke kusa da rijiya. Wani magini ɗan Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fanni. Alƙalai sukan tura shi ya je ya duba bangon da ake jayayya a kansa, ya dawo ya faɗa musu abin da idon gwani ya gani. A nan gida ma sarautar Sarkin Magina ta daɗe, kuma an san darajar maganar gwanin gini.

Abin da ya sauya shi ne nauyin ginin da saurinsa. A da, ƙasa ake ɗorawa a jikin ƙasa, maginin unguwa ɗaya ne ya gina gidajen biyu, ya san kowane bango. Yau mai filin yana Abuja ko Legas, ɗan kwangila daga wani gari yake, leburori na yini ne. Idan aka gama aka watse, babu wanda za a tambaya. Takarda ce kaɗai za ta maye gurbin wannan sanin da ya ɓace.

Abin da masu suka za su ce

Na farko za a ce wannan rashin yarda ne. Yaya za ka shiga gidan dattijon da ya haife ka da kyamara, kamar kana zarginsa? Shi ma dattijon zai ji nauyin ya ce wa Alhaji a rubuta. Wannan kunya gaskiya ce, kuma ita ce babban cikas. Amma mu tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma muminai aka yi wa umarnin. Rubutu bai kore amana ba. Mutum yana mantuwa, yana mutuwa, magadansa kuma ba su san abin da aka yi da baki ba. Hanyar kauce wa jin nauyi ita ce mai gini ya fara kawo maganar da kansa: “Baba, ina so a duba gidan nan a rubuta, don idan aikina ya ɓata wani abu in san abin da zan gyara.” Babu dattijon da zai ji haushin wannan.

Na biyu, sirrin gida. Gidan Bahaushe ba wurin da maza baƙi ke kutsawa da waya ba ne. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma dole a kiyaye shi. A sanar da wuri don iyali su kimtsa. Bango ake ɗauka, ba mutane ko kayan ɗaki ba. Ɗakunan mata, mai gidan ko ɗansa ko wata mace ta ɗauka, shaida guda ya tsaya daga ƙofa. A rubuta a takardar cewa ba za a nuna hotunan ga kowa ba sai wurin sulhu ko kotu. Idan maƙwabci ya ƙi a shiga sam, haƙƙinsa ne. Sai a ɗauki waje, a rubuta cewa an nema ya ƙi, shaidu su sa hannu.

Na uku za a ce idan aka mayar da shi doka, an ƙara wa jami'ai wata ƙofar karɓar na goro ke nan, kuma za a riƙa sayen takardar a bakin ofis ba tare da an je ko'ina ba. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Maganinsa shi ne kada takardar ta zama wadda jami'i ke bayarwa. Ta zama wadda maƙwabci ke sa wa hannu, da lambar wayarsa, kuma kwafi yana hannunsa. Sa hannun mutumin da bangonsa ke cikin haɗari ya fi wuyar saye. Don kada shi ma ya mayar da sa hannun abin ciniki, a sa wa'adi: idan ya yi shiru ko ya ƙi ba tare da dalili ba, shaidar mai unguwa ta wadatar.

Na huɗu za a ce hoto ba ya hana bango faɗuwa. Haka ne. Amma wanda ya san an auna an rubuta, kuma shi zai biya, zai sa a tokare ramin da katako, zai haƙa kaɗan-kaɗan yana cikewa maimakon ya buɗe gefen gidan mutum gaba ɗaya, ba zai bar rami ya kwana da ruwa ba. Sau da yawa ma a wurin zagayen ne injiniya zai ga cewa katangar nan ba za ta jure ba, a sake shawara tun ba a yi asara ba.

Maganar ba ta tsaya a kan dukiya kaɗai ba. A ƙarshen watan Agustan 2022 wani bene da ake ginawa ya rufta a titin Beirut da ke Kano, a tsakiyar kasuwar waya, inda jama'a ke hada-hada. A Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi da ke Legas, mutum fiye da 40 suka rasu. Duk gini mai tsawo da ke tashi a cikin cunkoso, waɗanda ke kwana a gindinsa suna da haƙƙin a tambaye su, a kuma san da su.

Aikin da ke gaban hukumomi

Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a yi gini. A Kano KNUPDA ce ke bayarwa, a Kaduna KASUPDA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya. Ana duba takardun fili da zanen gini. Abin da nake kira a yi shi ne a ƙara shafi guda: shaidar cewa an sanar da maƙwabta kuma an rubuta halin da gidajensu suke ciki. A fara da benaye da gine-ginen kasuwanci da duk wanda zai rushe tsohon gida a cikin unguwa.

A kuma farfaɗo da maganar inshora. Tun a Dokar Inshora ta 2003, sashe na 64, aka wajabta wa mai gina abin da ya haura hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya ma'aikata da sauran jama'a idan aikin ya jawo rauni ko mutuwa ko asarar dukiya. Maƙwabci yana da damar ya tambayi mai bene ko ya yi. Kamfanin inshora kuwa ba zai biya ba sai ya ga hujjar yadda gidan yake a da, wanda hakan ya sake dawo da mu kan takardar.

Gwamnati ita ma ta fara da kanta. Duk inda za a yi gadar sama ko titi ko babbar magudana ko layin dogo, a sa ɗan kwangila ya ɗauki bayanan gidajen da ke bakin aikin, ya ba masu su kwafi, kafin katafila ta iso.

Masarautu ba sai sun jira majalisa ba. Hakimi zai iya umartar dagatai da masu unguwanni cewa daga yau duk wanda zai yi gini a jikin wani sai an yi wannan zagaye. Ƙungiyoyin injiniyoyi da na magina za su iya tsara fom mai shafi ɗaya da Hausa su raba kyauta. Ɗaliban fannin gini na kwalejojin kimiyya da fasaha za su iya yin aikin a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Limamai kuma su sa shi cikin huɗubar haƙƙin maƙwabtaka.

Kai kuma mai karatu, idan ka ga an sauke bulo a filin da ke jikin gidanka, kada ka jira kowa. Ka fita da wayarka yau ka ɗauki bangonka ciki da waje, ka tura wa kanka ta imel. Gobe ka je ka yi wa mai ginin fatan alheri, ka roƙe shi ku zaga tare da mai unguwa. Idan kai ne mai ginin, ka riga shi zuwa.